Yadda Na Raba Birkin Alhaji Gida Biyu

Sallama gare ku masu karatu, wanda ya saba da ni da wanda yau ya fara tsintar labarina. Ni ne Maazou, direban fijo ta haya a layin Parakou zuwa Malanville. Ku gyara zama, don abin da zan faɗa muku bai gama wucewa ba.

Ƙarfe biyu ne suka hana ni sakat, kowanne bai fi a riƙe shi a tafin hannu biyu ba. Amma kafin ƙarfe bari in fara da Lauratu.

Lauratu 'yar Alhaji Idrisu ce na unguwar Ladjifarani, irin gidajen nan da kakanninsu suka shigo garin da fataucin goro suka zauna. Tana taya mahaifiyarta, Hajiya Habsa, sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè. Ni kuwa iyayena daga Nijar suka zo, kuma sun rasu ban yi wayo ba. Ƙanen mahaifiyata Zainabu, Kawu Hassoumi, shi ya ɗauke ni, ya ciyar da ni, ya koya mini riƙe sifana a garejinsa da ke bayan kasuwa. Duk garin nan ba ni da babban da zai sa riga ya shiga zauren mutane ya nema mini aure in ba shi ba.

Alhaji ya san da maganata. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da dai yake yi, tun da idonsa ya fara rauni, in zai fita da motarsa ni yake aikawa a kira. Lauratu ta taɓa ce mini, "Baba ba ya tambayar mutum halinsa. Zama yake kusa da shi ya yi shiru." To haka muke, ni ina tuƙi, shi yana shiru, gumi yana bin bayana.

Motar kuwa fijo ce 404, fara, wadda ya saya sabuwa tun ƙasar nan tana amsa sunan Dahomey, shekarar da aka sa Lauratu makarantar allo. Dattijuwa ake ce mata a gidan. Kujerunta jar fata ne, an lulluɓe su da farin yadi mai ɗinkin hannu, ga carbi rataye a madubi, in ka buɗe ƙofa ƙamshin turaren wuta da na goro ne ke fara yi maka maraba. Ba a jingina da ita. An sha zuwa saye, yakan ce sai dai a sayi gidan a bar masa motar.

Wata rana muna dawowa daga gaisuwar rasuwa, na taka birki a kwanar masallaci sai na ji ƙafata ta nutse fiye da yadda na saba. Da muka shiga gida na durƙusa na leƙa bayan tayoyin gaba. Man birki ya jiƙa ta hagu, ta dama ma ta fara tsattsafo. Etiriye ne, wato ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke cije faifan taya in an taka birki. Akwai fistan a cikinsa da zoben roba, in tsatsa ta ci fistan ɗin, robar ta gaji, sai mai ya riƙa zuba. Kowace tayar gaba da nata.

Sabo kam babu. Tun da Nijeriya ta rufe boda kayan mota suka yi ɓatan dabo, wanda aka aika Cotonou ma ya dawo hannu rabbana. Sai dai a ba gwani ya farke su, ya sake gina su.

Alhaji ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzu, rediyo a gefensa tana ta waƙoƙin juyin juya hali. Ya rage mata murya.

"Maazou."

"Na'am, Alhaji."

"Ƙarshen wata akwai biki a Djougou, gidan su Hajiya. Da Dattijuwa za mu je, ni da ita da Lauratu. Kai za ka ja mu."

"To, Alhaji."

"Birkin nan ni ban san komai a kansa ba. Kai ne mai takawa. Kwance su ka kai wa wanda ka yarda da shi."

Na ce, "Wa kuke so a kai wa?"

Ya ɗago ya dube ni da idon nan nasa mai hazo-hazo. "Da ina da wanda nake so ai da na faɗa."

Ina fitowa na ci karo da Hajiya a bakin ƙofar cikin gida, da buta a hannu. Ta ji komai, ban yi shakka ba.

"Ai ba sai an sha wahala ba," in ji ta. "Ƙanena Soumaïla yana Djougou, aikinsa ke nan tun yana saurayi. Allah dai ya sa kada a kai motar gidan nan wurin masu buge-buge da guduma."

Na sunkuyar da kai na ce to.

Kafin in isa gareji labari ya riga ni. A Arzèkè ko tari ka yi a layin masu doya, masu atamfa sun ji. Na tarar da Kawu ya kara kunne a jikin injin wata tasi yana saurare. Da ya gan ni ya miƙe yana dariya, baƙin mai har a gemu.

"Ɗan Zainabu! An ce motar surukinmu ta fara fitsarin kwance."

"Kawu, ku rage murya. Bai zama suruki ba tukuna."

"Zai zama. Zo ka gani."

Ya ja ni ɗakin kwanon da yake ajiye kaya, ya sauko da wani gwangwanin madara daga saman katako. Zoben roba ne a ciki, sababbi ful, naɗe a leda.

"Tun kafin a rufe boda na ɓoye su. Manyan mutane sun aiko, na ce babu. Ashe kai nake ajiye wa. Kawo ƙarafan nan, kafin ka sha shayi na gama. Ranar da za mu shiga zauren Alhaji neman yarinyar nan, ba da goro kaɗai zan shiga ba. Zan shiga a matsayin mutumin da ya tsayar masa da mota."

Na ce to. Ni dai haka Allah ya yi ni, a'a tana yi mini nauyi a baki. Na ce wa Hajiya to, na ce wa Kawu to, kuma mota ɗaya ce.

Da la'asar na bi ta rumfar su Lauratu, lokacin da na san Hajiya ta tafi salla. Tana ninke wata atamfa shuɗiya mai zanen fanka. Ita kanta riga da zani ne a jikinta ruwan ƙwai, ta karkata ɗaurin ɗankwali gefe guda, farin mayafi a kafaɗa, lallen hannunta ya fara kodewa ya koma ja-ja. Ba ta ɗago ba.

"Kamarad direba, yadi nawa za a yanka maka?" in ji ta, tana kwaikwayon kiran 'yan juyin juya hali.

"Lauratu, ba wasa ya kawo ni ba."

"Na gani a fuskarka. Kamar wanda jandarma suka ƙwace wa takardun mota."

Na zayyana mata komai. Ta ajiye atamfar ta dafa ta da hannu biyu.

"To, kawuna ko kawunka?"

"Shi ne ban sani ba."

"Wanne ya fi iya birki?"

"Kawu Hassoumi ya yi mini komai a duniya."

"Ban tambaye ka wa ya goya ka ba. Birki na ce."

Gaskiya a kan inji babu kamar Kawu, da kunne yake gane ciwon mota. Amma mai sauri ne, birki kuwa ba ya son sauri. Soumaïla kuma ban taɓa ganin aikinsa ba, sai dai direbobin da ke hawa duwatsun Natitingou sukan ambace shi.

Ta sassauta murya. "Maazou, Inna in ta ƙullaci mutum tana daɗewa. Baba kuma kallon ka yake. Ni ban ce ka zaɓi kowa ba. Amma ka tuna ni zan zauna a bayan motar nan."

Washegari na ɗaga Dattijuwa a kan kututture na kwance ƙarafan biyu, na jera su a kan buhu. Ina tsugune ina kallon su sai wata dabara ta zo mini, irin wadda Shaiɗan ke kawowa yana murmushi. Su biyu ne. Kawunnan ma biyu ne. Kowa ya samu ɗaya, kowa ya ce shi ya gyara motar Alhaji, ba wanda zai ji haushina. Wallahi a lokacin har daɗi na ji, na ga kamar ba wanda ya taɓa yin wayo irin nawa.

Na hagu na kai wa Kawu.

"Ina ɗayan?"

"Wancan bai lalace sosai ba, Kawu. Wannan ne mai yoyo."

Rabin gaskiya ce, ya kuwa karɓa. Ya ɗaure shi a teburi, ya ɗan bubbuga, fistan ya fito. Tsatsa ta yi masa zobe. Ya sa samfefa yana gogewa yana ba ni labarin ranar da aka kawo ni wurinsa, wai na ƙi cin tuwo sai da ya bar ni na danna hon. Kafin labarin ya ƙare fistan ya yi ƙyalli kamar azurfa. Ya sa sabuwar roba, ya mayar, ya shafa masa baƙin fenti.

"Ko daga Faransa ya zo sai haka," in ji shi, ya miƙo mini.

Na dama kuwa na naɗe shi a tsumma na sa a buhu, na hau motar doya zuwa Djougou. A shingen fita gari masu tsaron juyin juya hali suka ja igiya. Wani ya zaro ƙarfen yana jujjuya shi.

"Kamarad, wannan na mene ne?"

"Na tsayar da mota ne."

"To ai mu ma aikinmu ke nan," in ji shi. Suka yi dariya suka sake mu. Ni ban iya dariyar ba.

Shagon Soumaïla yana bayan kasuwar goro, kusa da wani tsohon masallaci. Dogon mutum ne siriri, ya ɗaure tabarau da zare, ba ya son yawan magana. Abin da ya fara ba ni mamaki, shagon a share yake tas, kuma duk abin da ya kwance a kan farin ƙyalle yake jera shi. Bayan mun gaisa, ya tambayi Yaya Habsa da mutanen gida, sai ya jiƙa ƙarfen a kananzir ya ce in je in yi salla in ci abinci. Da na dawo ya haɗa famfon keke ya riƙa busa iska a hankali, har fistan ya fito da kansa, ba bugu ko ɗaya. Ya wanke shi, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya bi jikinsa da farce.

"Kawo yatsanka. Ji nan."

Na ji. Wasu 'yan ramuka ne ƙanana kamar bakin allura.

"Wannan ko ka goge shi ya yi ƙyalli, ramin yana nan. Zai ci sabuwar roba, in ya ɗau zafi kuma ya maƙale. Sabo zan feƙe masa a inji."

Jama'a, a nan ne na farga. Na tuna ƙyallin da na gani a hannun Kawu. Ban ga ya sa farce ba.

Soumaïla ya leƙa buhun, ya girgiza shi. "Ina ɗan'uwansa?"

"Yana Parakou."

"Me yake yi a Parakou?"

"Ana... ana duba shi."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. "Ba a raba su, Maazou. Hannu ɗaya ke yin su biyun don su ciji faifai tare. In ɗaya ya riga ɗaya, mota ta bi wanda ya riga. Kai direba ne, ka san wannan."

Na sani. Abin kunyar ke nan, na sani tun ina yaro a gareji.

"Don Yaya Habsa zan yi wannan," in ji shi. "Amma kafin ka ɗauki mutane ka kawo mini ɗayan."

Na ce to.

Ban kai ba. Ta yaya zan ɗauki aikin Kawu da fentinsa in kai wa wani ya farke? Kullum in na tashi sai in ce gobe. Aikin Soumaïla kuma ya ɗau lokaci, sai ana gobe tafiya wani direba abokina ya kawo mini shi. Fes yake, ba fenti, sabon fistan yana motsi da ɗan yatsa.

Da yamma na ɗaura su a tsakar gidan Alhaji. Saura fitar da iska daga bututun mai, aikin kuwa mutum biyu yake so, ɗaya yana taka birki a ciki, ɗaya yana sassauta ɗan noti a ƙasa. Alhaji yana zaune a gindin mangwaro. Ya ce, "Lauratu, je ki taka masa."

Ta cire takalmi ta shiga mazaunin direba, ta tattare zani, ƙafarta da ƙyar take kaiwa.

"Taka," na ce daga ƙasa. "Taka. Taka. Riƙe."

"Na riƙe."

"Kada ki saki."

"Ni ba na saki, Kamarad. Kai dai ka kula da naka."

Da wani lokaci ne da maganar nan ta ishe ni kwanan farin ciki. Mai ya fito da kumfa, na ɗaure, muka sake. Da muka gama gefe ɗaya ta sauko wai za ta miƙe ƙafa, ta zagayo ta tsaya a kaina. Tayoyin a cire suke, komai a fili. Ta dubi ƙarfen hagu, ta zagaya ta dubi na dama, ta dawo.

"Me ya sa wannan baƙi, wancan fari?" Ta yi maganar ƙasa-ƙasa don kada Alhaji ya ji.

Na kasa yi mata ƙarya. Na faɗa mata cikin raɗa, ina riƙe da sifana.

"Ka raba su? Kamar naman layya, cinya ga wannan gida, cinya ga wancan?"

"Ban so kowa ya ji haushi ba."

"Akwai haɗari?"

"Wataƙila babu."

"Wataƙila," in ji ta. Ta gyara mayafinta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta koma ciki ta zauna, muryarta ta fito a sanyaye. "In taka?"

Da asuba bayan salla na roƙi makulli, na ce zan ɗan zaga da ita ta yi ɗumi. Na fita bayan gari ta hanyar Djougou inda jar ƙasa ta miƙe ba kowa. Na ba ta wuta kaɗan, na yi bisimilla na taka.

Sitiyari ya fizge hannuna zuwa dama. Dattijuwa ta karkace kamar an ja ta da igiya, tayarta ta shiga ciyawar gefen hanya kafin in dawo da ita. Na tsaya. Na ce ƙila ƙasar wurin ce. Na ƙara gaba na sake takawa. Dama. Na sake. Dama. A hanyar dawowa kuma sai na ji tana ja hagu ko ban taka ba, ga wani ƙauri yana shigowa. Na sauka na yayyafa wa tayar hagu ruwan buta. Ya yi cuu, tururi ya tashi. Na Kawu ne. Ba ya kamawa da wuri, in ya kama kuma ba ya saki.

Na zauna a bakin hanya ina lissafi da zuciyata. Na ja motocin da suka fi wannan lalacewa, cike da fasinja. In na tafi a hankali, ina rage gudu da giya, ina danne sitiyari hagu duk lokacin da zan taka, Alhaji ba zai gani ba. Mu je mu dawo, a ce Maazou ya iya. Sai gangaren gadar Bétérou ya faɗo mini a rai, da manyan motocin auduga da ke fitowa a tsakiyar hanya. Na ture tunanin, na tashi mota na koma.

Na tarar gidan ya cika da shiri. An fito da kwanukan biki ɗaure cikin ƙyallaye, da ƙwaryar goro, da turamen atamfa. Hajiya ta sha leshi ruwan toka da sarƙar zinariya. Lauratu ta sa shuɗiyar atamfar nan mai zanen fanka, sabon lalle baƙi ƙirin har wuyan hannu, kwalli a ido. Ta dube ni sau ɗaya, tambaya ce a idonta. Na kau da kai.

Ga kuma Kawu Hassoumi a ƙofar zaure. Ya sa babbar rigarsa ta salla, fara mai aikin zare, ya wanke hannu har sun yi fari-fari. Wai ya zo yi wa Alhaji Allah ya kiyaye hanya.

"Alhaji, ku tafi da kwanciyar hankali," yake cewa. "Birkin nan hannuna ne. Ko kaza ta gitta za ta tsaya."

Hajiya ta juyo. "Hannun wa? Ai Soumaïla ne ya yi."

Kawu ya yi dariya, a zatonsa wasa ne. Alhaji ya shiga gaba ya zauna, ya ɗora sandarsa tsakanin gwiwoyi. Hajiya da Lauratu suka shiga baya. Na zauna, na tashi mota. Injin yana kaɗawa lafiya lau. Na kama giya. A madubi na ga Lauratu ta dafa kujerar gabanta da hannu biyu, tun ba mu motsa ba.

Na kashe mota.

"Alhaji, motar nan ba za ta je Djougou yau ba."

Bai juyo ba. "Ina jin ka."

Na faɗa. Na faɗa duka, yadda na raba su, da abin da na gaya wa kowa, da abin da ta yi mini a bayan gari. Tagar a buɗe take, Kawu yana tsaye dab da ita, ya ji komai. Hajiya ta yi salati, ta yi tsaki, ta buɗe ƙofa ta fara sauke kwanuka tana cewa ita da ma ta faɗa.

Alhaji ya fito a hankali, ya zagaya ya dafa tayar hagu, ya janye hannu da sauri. Har lokacin da zafinta.

"Na ce ka kai wa wanda ka yarda da shi," in ji shi. "Ban ce ka faranta wa gari ba. Hajiya, ku bi motar haya ke da Lauratu, ni na fasa. Kai kuma kwance su, su biyun. Ga kawunka a tsaye. Faɗi a gabansa, wa za ka kai wa?"

Na dubi Kawu. Dariyar ta bar fuskarsa, amma yana jira, kuma na ga a idonsa bai yi shakkar abin da zan ce ba. Mutumin da ya bar ni na danna hon don in ci tuwo. "To" ɗin nan nawa ya taso har maƙogwaro, na haɗiye shi.

"Soumaïla zan kai wa, Alhaji." Na juya na durƙusa. "Kawu, ku gafarce ni. Fistan ɗin yana da ramuka, gogewa ba ta isa ba. Laifina ne da ban kawo muku su biyun ba, laifina ne da ban faɗa ba. Amma can zan kai."

Kawu ya dubi hannuwansa da ya wanke, ya juya su.

"Ashe hannun da ya wanke maka kashi bai isa ya wanke ƙarfe ba," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. "A gaban mutane, ɗan Zainabu." Ya tattara hannun rigarsa ya ɗora a kafaɗa. "Robar da ke ciki sabuwa ce, ka ce masa kada ya yar. Alhaji, a tashi lafiya."

Ya fita. Na so in bi shi, amma ban bi ba.

Na ɗaga motar na kwance ƙarafan, na hagu sai da na sa tsumma don zafi. Su Hajiya suka wuce tasha. Lauratu ce ta ƙarshen fita, ta zo wucewa ta gefena ta ɗan tsaya kamar mai gyara takalmi.

"Da ka ja motar nan," in ji ta, "da na je bikin, amma da ban ƙara tsayawa da kai ba."

Ta wuce. Na sa ƙarafan a buhu na ɗaure, na je zaure yin sallama. Alhaji ya koma kan buzunsa, rediyo a kashe.

"Maazou."

"Na'am, Alhaji."

"Juma'ar da ke bayan biki ina gida bayan la'asar. Ka turo manyanka."

Maganar da na daɗe ina roƙon Allah in ji ke nan. Na yi godiya, na fito, rana ta buge ni a fuska, sai a lokacin na gane abin da ya ce. Manyana.

Hanyar tashar Djougou ta bayan kasuwa take bi. Na tsaya a bakin gareji. Babbar rigar tana rataye a ƙusa, iska tana kaɗa ta. Kawu ya shige ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani, guduma tana ta tashi. Na yi sallama. Gudumar ta tsaya. Na jira. Sai ta ci gaba.

Can a tasha ana ta kiran Djougou, Djougou, saura mutum ɗaya. Buhun yana cin kafaɗata, ni kuwa ina tsaye ina kallon tafin ƙafar mutumin da zan roƙa ya je mini ranar Juma'a.